Takardun Kasuwa Sun Cika Kwalaye, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 8 ke nan ina sayar da kaya, sari da ɗai-ɗai. Rasit, takardun kaya, na banki da yarjejeniyoyi sun cika kwalaye huɗu. Kwanan baya wanda nake saro kaya a wurinsa ya ce akwai kuɗin da ban biya ba. Na san na biya, amma sai da na kwana biyu ina tono kafin na ga rasit ɗin. Ina so in mayar da komai cikin waya ko kwamfuta. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka fara da kwalayen nan. Na sha ganin 'yan kasuwa sun ɗauko tsofaffin takardu da zafinsu, sun yi mako guda suna ɗaukar hoto, suka gaji suka watsar, sababbi kuma suna ta taruwa. Ka fara da takardar da za ta shigo hannunka gobe da safe, kuma ya zama doka: duk wadda ta shigo, a ɗauki hotonta kafin a rufe shago. Tsofaffin a bi su sannu, daga na bana a koma baya, a sa na bashi a gaba.

Sai dai ɗaukar hoto kaɗai ba zai raba ka da tono ba. Hotuna dubbai a waya, kowanne da lamba a madadin suna, kwali na biyar ne kawai ka ƙara. Abin da kake nema shi ne ka rubuta sunan mutum, takardarsa ta fito nan take.

Akwai fasahar da ake kira OCR, wadda ke karanta rubutun da ke cikin hoto ta mayar da shi rubutun da kwamfuta za ta iya bincikawa. Manhajar Adobe Scan tana yin haka kyauta, ta ajiye maka takardar a matsayin PDF. Manhajar Google Drive ma tana ɗaukar takarda da kyamarar waya, kuma bincikenta yakan leƙa har cikin rubutun. In na'urar sikana za ka yi amfani da ita, ka saita ta a ɗigo 300 a kowane inci. Amma kada ka saki jiki da fasahar nan baki ɗaya. Tana tuntuɓe da rubutun hannu, da takardar da ta yamutse, da lambar da hatimi ya hau kanta.

Shi ya sa na fi damuwa da sunan da za ka ba kowace takarda. Shekara, wata, rana, sunan mutum, sai irin takardar, misali: 2025-03-14, sunan mai kaya, rasit. In shekara ce a gaba, kwamfuta da kanta za ta jera su bi da bi. Kuma sunan mutum ɗaya, rubutu ɗaya. In yau ka rubuta shi da laƙabinsa, gobe yaronka ya rubuta sunan kamfaninsa, rabin takardunsa ne za su riƙa fitowa, kai kuwa ka ɗauka shi ke nan. Wannan ya fi ɓatan takarda haɗari, don ba za ka ma san akwai giɓi ba.

Wani abu da ba ya jira: siririn rasit mai santsi da na'urar biyan kuɗi ke fitarwa. Da zafi ake buga shi, ba da tawada ba, kuma zafi da haske suna goge shi. Ka duba kwalayenka, za ka tarar wasu sun riga sun koma farar takarda. Waɗanda suka rage a ɗauki hotonsu a wannan makon.

Batun ajiya kuwa, kada ka dogara da wuri ɗaya. Masana suna ba da shawarar kwafi 3, a kan na'ura iri 2, guda 1 a wajen shagon. A wuraren ajiya na intanet, Google na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive 5, Dropbox 2. Ka buɗe asusun da sunan kasuwancin, kalmar sirri a hannunka, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kafin a shiga. Kada ka bari ya zama asusun yaron shago, domin ranar da ya bar aiki, da takardunka zai tafi. Ma'aikata a ba su izinin dubawa kawai, ban da gogewa.

Takardun asali masu sa hannu, irin su yarjejeniya, takardar rajista da ta mallakar wuri, su zauna a inda ruwa da wuta ba za su kai ba. Sauran ma kada ka ƙone ko ɗaya sai akantanka ya faɗa maka shekarun da dokar harajin ƙasarku ta ce a riƙe su.

Bayan wata ɗaya ka gwada aikin. Ka kira ma'aikacin da ba shi ya ɗauki takardun ba, ka ce ya nemo maka rasit ɗin wane na makon jiya. In ya wuce minti ɗaya bai samo ba, ku zauna ku gyara sunayen kafin ka ci gaba da kwalayen.