Tambaya da Amsa: Farin gari a ƙafar injin kwalekwale

Tambaya: Na sayi injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 na hannu daga Legas, ina jigilar fasinja da shi a Yawuri. Fentin ƙafarsa ya fara kumbura, idan na kankare sai in tarar da farin gari da ƙananan ramuka. Ruwan da yake fitarwa ta baya ma ya ragu. Tsatsa ce? Daga wani mai karatu a Yawuri.

Amsa: Malam, tsatsa ce, amma irin ta alminiyam, shi ya sa ba ka ga ja ba. Ƙafar injin alminiyam ce, sandar farfela kuwa ƙarfe ne mai ƙarfi, kuma idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin ruwa, mai raunin ne ke cinyewa. Ruwan gishirin Legas yana hanzarta wannan ƙwarai.

Fara da duba anod, wato guntun ƙarfen da ke ɗaure a saman farfela, akwai wani kuma a jikin maƙalin injin. An sa shi ne don ya cinye a madadin ƙafar. Idan rabinsa ya tafi, canza shi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ka same shi sumul kamar sabo alhali ƙafar na rami: ba ya aiki ke nan. Ko an shafe shi da fenti, ko datti ya shiga tsakaninsa da jikin injin. Kwance shi, goge mazauninsa da sanfefa, ɗaure, ka auna tsakanin anod ɗin da jikin injin da mitar awon lantarki. Ya kamata ta nuna ƙasa da om 1, wato lantarki na wucewa tsakaninsu ba cikas. Sannan injin da ya fito daga teku yawanci anod ɗin tutiya ne, ita kuwa a ruwan daɗi irin na Kainji ɓawo take yi ta daina aiki. Nemi na maganiziyam, in babu ka sa na alminiyam.

Idan ramukan masu zurfi ne kuma sun bayyana cikin 'yan kwanaki, zargi batir. Wayar batir da ta goge tana taɓa ruwan cikin kwalekwale kan ci ƙarfe fiye da gishiri.

Raguwar ruwa kuwa kada ka yi wasa da ita, ruwan ne ke sanyaya injin, in babu shi injin zai iya ƙonewa. Zura siririyar waya a bututun fitar ruwa. In bai gyaru ba, a buɗe tamostat, wato abin da ke daidaita zafin injin, da famfon ruwa, gishiri kan daskare a can. Ka kuma tsiyaye man giya kaɗan: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga ke nan: sil ɗin farfela, wato zoben robar da ke tare ruwa, ya lalace, sau da yawa zaren koma ne ya naɗe shi.

Wurin da ya kumbura a goge shi har ƙarfe ya fito, ban da buroshin ƙarfe, a sa fentin ƙasa na alminiyam kafin na sama. Fenti mai tagulla kada ya taɓa ƙafar. In rami ya huda gidan giya, sai canji.