Filin Tambaya da Amsa: Sababbin Gwaje-gwaje da Rigakafin Cututtukan Dabbobi

Wasiƙun da suka zo wannan fili a watan nan galibinsu daga masu kiwo ne na jihar Sakkwato, kuma mun zaɓi huɗu daga ciki mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Shanuna sun dawo daga cin rani a kudu suna ramewa, gashin jikinsu ya tashi, nono kuma ya ragu. Na yi musu allurar sammore amma ban ga canji ba, da aka ɗebi jinin wasu aka duba sai aka ce ba a ga komai ba. Ɗana da ke makaranta ya ce yanzu akwai gwajin da ke gano cuta ko da ido bai gan ta ba. Shin haka ne? Daga wani dattijo makiyayi, Goronyo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a garke. Abin da ɗanka ya faɗa gaskiya ne. Ƙwayar sammore da ƙudan tsando ke zubawa a jikin saniya ba ta zama da yawa a jini kullum. Takan cika jini na 'yan kwanaki, garkuwar jiki ta kashe mafi yawanta, sannan ragowar ta sake hayayyafa. Idan aka ɗebi jini a lokacin da ta yi ƙasa, musamman daga dabbar da ta daɗe da ciwon ko wadda aka riga aka yi wa allura, mai dubawa ta madubin likita zai iya ɓata yini guda bai ga ko ɗaya ba, alhali tana nan.

Gwajin da yake nufi shi ne PCR, wanda wani masani Ba'amurke mai suna Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Wannan gwaji yana neman guntun DNA na ƙwayar cutar ne, wato sinadarin gado da kowace halitta take da nata daban. Na'ura tana ɗumama samfurin tana sanyaya shi sau talatin zuwa arba'in, kowane zagaye yana ninka guntun sau biyu, har ɗan abin da bai isa a gani ba ya zama miliyoyi. Babban amfaninsa a wurinka shi ne yana bambanta nau'o'in sammore, kuma akwai nau'in da ake kira vivax wanda sauran ƙudaje masu cizo ma suna iya ɗaukarsa daga saniya zuwa saniya. Ke nan a ƙasa mai fari irin tamu, inda tsando bai cika rayuwa ba, shanun da suka dawo daga kudu za su iya shafa wa waɗanda suka zauna gida. A shekarar 2000 kuma masana a Japan suka fito da wata hanya mai suna LAMP, wadda zafi guda take buƙata, tsakanin digiri 60 da 65, tana ba da sakamako cikin kamar sa'a ɗaya, kuma ana iya ganinsa ta canjin launin ruwan gwajin. Sai dai har yanzu waɗannan gwaje-gwaje sun fi samuwa a jami'o'i da cibiyoyin bincike, ba su sauko kowane ƙaramin asibitin dabbobi ba.

Duk da haka, Baba, tun da ka ambaci Goronyo ni hankalina ya fi karkata ga tsutsar hanta. Shanun da ke kiwo a fadama da bakin madatsar ruwa da gefen gulbin Rima suna cin ciyawar da 'ya'yan tsutsar hanta suka manne mata bayan sun fito daga jikin katantanwar ruwa, kuma rama da ƙarancin jini da raguwar nono da take haddasawa ba su da bambanci da na sammore a idon mai kallo. Allurar sammore ba ta taɓa wannan tsutsa ko kaɗan. Ƙwanta ba ya bayyana a kashin dabba sai bayan kamar wata uku da kamuwa, shi ya sa aka samar da gwajin ELISA da ke gano abin da tsutsar ke fitarwa a cikin kashi tun kafin a fara ganin ƙwai. Akwai kuma yiwuwar sammoren ce amma ta daina jin magani, domin magunguna biyu da ake dogaro da su, diminazene da isometamidium, sun haura shekara sittin ana amfani da su, kuma yawan ba da ƙasa da ƙima da jabun magani sun sa ƙwayar ta saba da su a wurare da dama.

Shawarata ita ce kada a sake yi musu wata allura sai an ɗebi jini da kashi daga waɗanda suka fi ramewa. A kai asibitin koyarwa na tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a gaya musu inda shanun suka ci rani da sunan maganin da aka ba su da ranar da aka ba su. Idan ana buƙatar gwajin da ya wuce nan, akwai cibiyar binciken sammore ta ƙasa a Kaduna, kuma ana iya ɗiga jini a wata takarda ta musamman ya bushe a aika da shi ba tare da firji ba.

TAMBAYA: Likita, ina kiwon tumaki da jajayen awaki a gida. Duk damina sai na ba su maganin tsutsa, amma wasu sai ƙasan haɓarsu ya kumbura su mutu. An ce Turawa sun yi allurar rigakafin tsutsar ciki, ina zan same ta? Daga wata uwargida, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kumburin ƙasan haɓa a damina yawanci aikin wata tsutsa ce mai suna Haemonchus, wadda ke manne wa cikin tumaki da awaki tana shan jini, macenta kuma tana zuba dubban ƙwai a rana guda. Allurar da kika ji labari tana nan, sunanta Barbervax, cibiyar Moredun ta Sikotilan ce ta samar da ita, aka fara sayar da ita a Ostareliya a 2014. Ana haɗa ta ne daga sinadaran hanjin tsutsar, ta yadda idan ta sha jinin dabbar da aka yi wa allurar sai garkuwar da ke jinin ta lalata mata ciki. Amma kariyarta ba ta daɗewa, dole a riƙa maimaitawa kusan duk mako shida a lokacin da tsutsar ke yaɗuwa, kuma an yi ta ne domin tumaki. Ban ga dalilin da zai sa ki wahalar da kanki nemanta ba.

Abin da zai fi yi miki amfani ya fito ne daga Afirka ta Kudu, wato katin FAMACHA mai launuka biyar, daga ja sosai zuwa fari. Ana janyo fatar idon dabba ta ƙasa a gwada launin cikinta da katin, sai a ba da magani ga waɗanda idonsu ya koɗe kawai, a bar masu jan ido. Hikimar ita ce, idan ana ba kowa magani kowane lokaci, tsutsotsin da ba sa jin maganin su kaɗai ke saura su hayayyafa. Domin ki san ko maganinki yana aiki, a ƙirga ƙwan tsutsa a kashin dabbobin ranar da za a ba su, a sake ƙirgawa bayan kwana goma zuwa sha huɗu; idan raguwar ba ta kai kashi 95 cikin ɗari ba, likita ya sauya miki zuwa wani dangin magani, ba wani sunan kamfani na maganin nan guda ba.

TAMBAYA: Malam, tun da an kawar da cutar bushiya ta shanu da allurar rigakafi, me ya hana a yi wa sammore haka? Daga wani ɗalibin aikin gona, Wurno.

AMSA: Ɗalibi, ƙwayar bushiya iri ɗaya ce a idon garkuwar jiki, kuma allurar da Baturen Ingila Walter Plowright ya samar tana kare saniya har ƙarshen rayuwarta da yi ɗaya. Da aka inganta ta yadda za ta jure zafi sai ta isa rugagen da babu firji, har aka bayyana kawar da cutar daga duniya a 2011. Ƙwayar sammore kuwa tana lulluɓe da rufin furotin, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin gado fiye da dubu na sauya wannan rufi, saboda haka kafin jiki ya gama shirya garkuwa a kan rufi ɗaya wasu sun riga sun sauya zuwa wani. Wannan ne dalilin hawa da saukarta a jini da na yi wa Baba bayani. A 2021 masana a cibiyar Sanger ta Ingila sun gano wani furotin na nau'in vivax da ba ya sauyawa, kuma allurar da suka haɗa da shi ta kare ɓeraye, amma tsakanin ɓera da saniya akwai tafiya. Inda aka yi nasara sosai shi ne a kan ƙudan: a tsibirin Unguja na Zanzibar an riƙa sakin mazan tsando da aka mayar marasa haihuwa, har aka tabbatar da ƙarewar ƙudan a can a 1997. Tsibiri ne da teku ya kewaye, ba ƙasa mai faɗi da shanu ke ketawa kowace shekara ba.

TAMBAYA: Likita, na sayo awaki a kasuwa, bayan 'yan kwanaki suka fara majina da gudawa da gyambo a baki, har suka shafa wa na gida. Akwai gwajin gaggawa? Daga wani ɗan kasuwar dabbobi, Achida.

AMSA: Alhaji, alamun nan sun yi kama da cutar PPR, 'yar'uwar bushiya da ke kama awaki da tumaki. Cibiyar Pirbright ta Ingila ta samar da ɗan tsinken gwaji irin na zazzaɓin cizon sauro, ana shafo majina ko ruwan ido a samu amsa cikin kamar minti ashirin, amma aikin jami'an lafiyar dabbobi ne, don haka ka sanar da ofishinsu na ƙaramar hukuma tun yau, ka kuma ware marasa lafiyar. Cutar ba ta da magani na kanta, sai dai a yi maganin ciwon huhu da gudawar da ke biyo ta. Rigakafinta yana da inganci, an samo shi daga ƙwayar da aka ware a Najeriya a 1975, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa shi, kuma yi ɗaya yana karewa aƙalla shekara uku, da sharaɗin an ajiye shi a sanyi kuma an yi amfani da shi nan take bayan an haɗa shi da ruwansa. Nan gaba duk akuyar da ka sayo ka killace ta daban na mako uku kafin ta shiga cikin na gida.