Kada a sayar da gonar Baba saboda gwajin Newcastle

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga wani ɗan Tudun Wadan Zariya da ke karatun digiri na biyu a birnin Newcastle na Ingila. Ranar wasa yakan yi aikin nuna wa 'yan kallo wurin zama a filin St James' Park na kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Newcastle United. Ya ce tun da ya tura hotonsa gida sanye da rigar aiki, aka ɗauka ya zama ɗan gida a kulob ɗin. Yanzu wani ejan, wato dillalin 'yan wasa, ya sami mahaifinsu, wai zai kai ƙanen mai wasiƙar ɗan shekara 16 gwaji a Newcastle United in an biya kuɗi, hujjarsa kuwa ai Shola Ameobi, tsohon ɗan wasan kulob ɗin, shi ma ɗan Zariya ne. Baba na shirin sayar da gona, shi kuma mai wasiƙar an ce ya ƙara aiki ya ciko ragowar.

Ƙanena, abu ɗaya ne gaskiya a bakin ejan ɗin nan. Lallai a Zariya aka haifi Shola Ameobi, a 1981. Amma ba wanda ya sayar da gona ya kai shi gwaji. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka koma Newcastle da shi, can ya yi makaranta, can ya shiga sashen horar da yara na kulob ɗin, sai a 2000 ya fara buga wa manya wasa. Ya zauna har 2014, shekarar da ya je gasar cin kofin duniya da Najeriya. Wato yaron gari ne da ya tashi a gabansu. Wannan kashin labarin ne ba a faɗi a gidajen kallon ƙwallo na Sabon Gari.

Ina so ka san wurin da kake aiki, don ka iya yi wa Baba bayani. A 1892 aka sami Newcastle United, bayan da ƙungiyar Newcastle West End ta faɗa matsalar kuɗi, ƙungiyar East End ta karɓi filin St James' Park, aka haɗe wuri guda. A wancan zamanin garin masu haƙar kwal ne da maƙeran jiragen ruwa a bakin kogin Tyne, mutanen da ke fitowa daga rami su tafi kallon wasa ranar Asabar. Sun ci gasar Ingila a 1905 da 1907 da 1909, suka ƙara a 1927, kuma daga nan ba su sake ba har yau. Kofin FA sau shida, na ƙarshe a 1955. Sun faɗi zuwa rukuni na biyu a 2009, lokacin Ameobi na nan bai gudu ba, suka sake faɗuwa a 2016. Asusun zuba jarin Saudiyya ya jagoranci sayen kulob ɗin a Oktoban 2021, amma sai a Maris 2025 suka ɗaga kofin cikin gida, da suka doke Liverpool da ci 2 da 1. Shekara 70 cif suna jira! Ni wannan haƙurin na magoya bayansu yana burge ni fiye da kuɗin Larabawa. To kulob mai shekara sama da 130, mai masu farautar 'yan wasa da yake biya albashi, ba ya aiko wani ya karɓi kuɗin gona a Tudun Wada. In suna son yaro, su ke kashe kuɗi a kansa.

Ga kuma doka. FIFA ta hana ɗaukar ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a 'yan wasu halaye, kamar iyaye su yi ƙaura don dalilin da ba na ƙwallo ba. Ko ya cika 18, sai hukumar ƙwallon Ingila ta amince da shi kafin ya sami bizar ɗan wasa, kuma abin da take dubawa shi ne wasannin da ya buga wa ƙasarsa da matsayin gasar da ya fito. Bizar ziyara ba ta aiki ba ce. Wannan cinikin biri a sama ne.

Kai kuma, don Allah kada ka haura awa 20 a mako lokacin zangon karatu. Iyakar abin da bizar ɗalibi ta yarje maka ke nan, ko da wurin aiki biyu ne, jimilla ake lissafawa. In aka kama ka, karatu ya tafi, bizar zama bayan kammalawa ta tafi, a tashi biyu babu. Bari aikin cikakken lokaci sai hutun da jami'arka ta tabbatar maka a rubuce.

Na san abin da ya fi damun ka shi ne yadda za ka ce wa mahaifi a'a. Kada ka yi ta saƙon murya a rukunin WhatsApp na gida, inda kowa zai ji. Kira shi shi kaɗai bayan isha'i, ka gaishe shi da kyau, ka faɗa masa ainihin aikinka ba tare da jin kunya ba, sana'a ce ta halal. Ka roƙe shi ya nemi ejan ya kawo shaidar lasisinsa na FIFA da takardar gayyata daga kulob, kai kuma ka kai ta ofishinsu a duba, tunda kana garin. In da kawu ko limamin unguwa da Baba ke jin maganarsa, sa shi a ciki.

Shi kuwa yaron, kada a kashe masa gwiwa. Ahmed Musa sai da ya yi suna a Kano Pillars kafin ya wuce Holan a 2010. Daga ɗan abin da kake samu, saya masa takalmin ƙwallo mai kyau, ka biya masa kuɗin jarrabawar WAEC, ka ce ya turo maka bidiyon wasansa na gaba.