Amsa: Ko in sayar wa mai situdiyo waƙoƙina?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace matashin mawaƙi irinka, mai rubuta baitinsa da kansa yana rerawa da jita da gurmi, ya sayar wa mai situdiyo a nan Sakkwato waƙoƙinsa shida dungurungum domin a ɗauke masa kuɗin naɗi. Amsata ita ce kada ka sayar. Ka ba shi izinin cin moriyar sautin da aka naɗa na wa'adi sananne, shekara biyu ko uku, a rubuce da shaidu, amma baiti da kari su zauna a hannunka. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bambanta abubuwan biyu: waƙar da ka tsara tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwarka, sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne, kuma mallaka ba ta komawa hannun wani sai da rubutacciyar yarjejeniya.

Sharaɗin da zan ƙara, bisa abin da na gani ya faru da wani yaron unguwarmu, shi ne ka buɗe asusun Audiomack (dandalin ɗora waƙoƙi a intanet) da YouTube da sunanka da lambar wayarka, kuma ka karɓi ainihin fayilolin murya da na kiɗa daban-daban tun ranar da aka gama aiki. Yaron nan ya bar komai a kwamfutar mai situdiyo bisa amana, da waƙarsa ta fara zagawa gidajen biki suka saɓa, sai ya tarar ko kalmar sirrin shafinsa ba ya da ita.