Jirgi mai inji biyu zai iya fita daga juyin katantanwa?

Tambaya: Ni ɗalibin tuƙin jirgin sama ne a Zariya. A ƙaramin jirgi mai inji ɗaya an koya mana fita daga juyin katantanwa, amma da muka hau mai inji biyu sai malami ya ce ko kusa kada a gwada. Wanda ya fi ƙarfi ba shi ya kamata ya fi sauƙin ceto ba?

Amsa: Malaminka ya yi gaskiya. Juyin yana faruwa ne idan fiffike ya daina ɗaukar nauyin jirgi a daidai lokacin da hanci ke karkata gefe. Fiffike ɗaya ya riga ɗan'uwansa faɗuwa, sai jirgi ya kama wulwulawa yana gangarowa.

Tsohuwar dokar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, kashi na 23, wadda aka tantance yawancin ƙananan jirage da ita, ta wajabta wa mai inji ɗaya ya nuna zai fita daga juyi guda, ko na daƙiƙa 3, ba tare da ya ƙara fiye da juyi ɗaya ba. Mai inji biyu ba a ɗora masa wannan sharaɗi ba. Masu gwajin ma sukan ɗaura wa wutsiyar jirgi laima, wadda za su buɗe idan ya ƙi dawowa. Kai ba ka da ita.

Matsalar tana wajen rabon nauyi. Injina biyu suna can kan fukafukai, ga tankunan mai, wasu ma a bakin fiffike kamar na Cessna 310. Da zarar wannan nauyi ya fara zagayawa, rada, wato allon wutsiya mai karkata hancin jirgi hagu ko dama, ba lallai ta iya tsayar da shi ba. Juyin kan miƙe, hanci ya ɗago, iska ta daina bugun wutsiya yadda ya kamata. Piper Twin Comanche ya ci rayuka ta haka a shekarun 1960, akasari wajen koyar da tashi da inji ɗaya. A 1970 kamfanin ya fito da samfurin PA-39, wanda farfelolinsa ke juyawa sabanin juna.

Nan ƙarfin da kake yabo yake zama abokin gaba. Inji ɗaya a mace, ɗaya yana cikakken totur, shi ke fizgar hancin. Jan layin da ke kan agogon gudu shi ne iyaka, wato mafi ƙarancin gudun da rada ke iya riƙe jirgi idan inji ɗaya ya mutu. A injin da ba shi da turbo, na'urar da ke ƙara cusa masa iska, wannan iyaka tana raguwa idan an yi sama, har ta haɗu da gudun da fiffike ke saki. Don a samu tsayin ceto, ba a yin atisayen gwada wannan iyaka ƙasa da ƙafa 3,000.

Idan ƙaddara ta faɗa, littafin jirginka ne gaba. Abin da aka saba koyarwa: a ja totur duka biyu baya, a daidaita sitiyari tsakiya, a danne fedar rada da ke sabanin juyin har ƙarshe, a tura sitiyari gaba ba wasa, a riƙe har ya tsaya. Sai dai babu mai yi maka alkawarin zai tsaya, ko tsayin da ya rage zai ishe ka.

A ganina, abin da ya cancanci ka haddace shi ne daƙiƙar da ta gabaci juyin. Ka ji ƙararrawa, ko jijjiga, ko hanci ya fara ƙwace maka duk da ka take feda, to rage totur na injin da ke aiki, ka sunkuyar da hanci nan take.