Riƙon karen boda koli a Akara: amsa ga Malam mai tambaya daga Kano

Malam, salamu alaikum. Tambayarka ta iso mu, har da mamakin da ke cikinta: wai da gaske ne a Akara, babban birnin Ghana, akwai Hausawa Musulmi da ke karɓar kare irin boda koli, wato karen kiwon tumaki na Turawa, su riƙe shi makonni, su ciyar da shi, su kai shi asibiti, sannan su miƙa wa wani ba a ba su ko sisi ba? Da gaske ne, amma ba su da yawa, kuma ba a cikin lungunan Nima ko Mamobi ake yi ba. Gidajenmu na tsohon zango gidajen haya ne, iyali da yawa a tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, ga yara ga butocin alwala a ƙasa. Kare ba shi da wuri a nan. Masu riƙon su ne waɗanda suka fita gefen gari, wajen Madina, Adenta, Kasoa ko hanyar Dodowa, inda mutum ke da katanga da fili nasa.

Ta yaya karen ke zuwa hannunmu? Mutanenmu da dama direbobi ne, masu gadi, masu lambu a gidajen baƙi a Cantonments, Labone da East Legon. Baƙo ya zo da karensa, aikinsa ya ƙare, kuɗin jirgi da takardu suka yi masa nauyi, sai ya bar wa mai gadi. Wani kuma ɗan ƙasa ne ya sayi kwikwiyo don kyaunsa, bayan wata takwas ya ga ba zai iya ba. Wanda aka bar wa shi yakan nemi ɗan'uwa mai fili ya riƙe, kafin a samu gida na dindindin. Mu riƙo muke kiransa, kamar yadda ake riƙon ɗan wani: yana hannunka, ba naka ba ne, kuma za a tambaye ka yadda ka yi da shi.

Batun addini da ka fi damuwa da shi, littattafan da aka karanta a Kano su aka karanta a zango. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki bin umarni ne. Hadisin raguwar lada ga mai ajiye kare ya cire na kiwo da na farauta da na gona, kuma mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. A kan haka masu riƙo suke tsayawa: dabba ce da aka yasar, ceto ake yi, na ɗan lokaci ne. Ba ya shiga ɗaki, ba ya kusantar wurin salla, kwanonsa daban, kuma ba a sayar da shi saboda hanin cin kuɗin kare. Akwai malamanmu da ke ganin barin sa ya fi, ba ma jayayya da su. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a karɓa sannan a wulaƙanta. Kafin kare ya shigo kuma sai an gaya wa maƙwabta, musamman masu tumaki. A nan maƙwabcinka zai iya zama ɗan ƙabilar Ga ko Asante ko Dagomba, kuma zaman lafiyar baƙo da ɗan gari ya fi ƙarfin kare.

Shi wannan kare ba irin na gadi ba ne. Asalinsa iyakar Ingila da Sikotland, ƙasar tuddai da sanyi da tumaki. Yawancin na yau jinin wani kare ne mai suna Old Hemp, wanda aka haifa a 1893 a hannun makiyayi Adam Telfer a arewacin Ingila. Nauyinsa kilo 14 zuwa 20, yana kai shekara 12 zuwa 15. An zaɓe shi ne ya wuni yana kewaya garke, ya sunkuya, ya kafe tumaki da ido har su juya inda makiyayi yake so. Duk matsalar da mai riƙo zai gani daga nan ta fito: jikin sanyi a ƙasar zafi, da kan ma'aikaci a gidan da ba aiki.

Ranar da ya iso, kada a yi masa taro. A sa shi inuwa mai iska, ƙasan siminti, nesa da kaji da awaki, a bar shi haka mako biyu. Kejin da rufinsa kwano ne kawai tanda ce da rana, sai an yi masa silin ko an ɗora zana. Katanga ta kai mita 1.8, a kawar da durom ko bulo da ke jikinta, domin yana hawa. Kwanakin farko su ne na gudu: ƙofa ta buɗe don mota, ya fice neman tsohon gidansa. Saboda haka ko a tsakar gida igiya na wuyansa har ya san wurin. Idan bai ci abinci ba yini ɗaya ko biyu, yawanci tsoro ne. Idan ya haɗa da amai ko zawo mai jini, asibiti nan take.

Cikin kwana biyu a kai shi wurin likitan dabbobi. Akwai asibitin gwamnati a unguwar La, akwai masu zaman kansu. A roƙi likita ya duba tsakanin kafaɗunsa da na'ura, domin karen da ya shigo ta jirgi yawanci akwai ɗan ƙwayar shaida a ƙarƙashin fatarsa, lambarta kan kai mutum ga tarihin allurarsa. In babu katin rigakafi, a ɗauka ba a yi ba, a fara daga farko: ta haukan kare, da haɗaɗɗiyar nan mai kare shi daga cututtukan karnuka fabo da distamfa. Kwikwiyo yana farawa daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har ya kai mako 16, ta hauka kuma a wata uku. Ƙwayar fabo tana zama a ƙasa watanni, sabulu ba ya kashe ta, sai bilic kashi ɗaya a ruwa kashi talatin bayan an share kashin. In karen ya ciji wani, ko ɗan ƙarzane ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti ranar, a tsare karen kwana goma ana kallonsa. Haukan kare idan ya bayyana a jikin mutum ba a warkewa.

Kuskuren da ya fi ba mu tsoro shi ne na ibamektin, allurar nan ta tsutsa da ƙazuwa da duk mai tumaki ya sani. Mutumin zango ya saba yi wa ragonsa da kansa, sai ya ga kare na susa ya ce bari a ba shi kaɗan. A dangin koli akwai wani lahani na gado da ake kira MDR1, wanda ke barin maganin ya ratsa zuwa ƙwaƙwalwa. A boda koli bai yi yawa kamar a sauran danginsa ba, amma da ido ba a gane mai shi, kuma yawancin na hannunmu ba mu san gaurayen jininsu ba. Alamun maganin ya taɓa ƙwaƙwalwa su ne dalalar miyau, tangaɗi, buɗewar ƙwayar ido, makanta, sannan suma. Ɗan ƙaramin awon da likita ke bayarwa duk wata don tsutsar zuciya, wadda sauro ke kawowa, ba shi da haɗari. Awon dabbar kiwo ne ke kisa. Haka maganin zawo Imodium ga mai wannan lahani. Farasitamol da ibufurofen na mutane kuwa kada a ba kowane kare da ka, suna lalata hanta da ƙoda da ciki.

Kaska ita ce ciwon kan Akara. Tana ɓuya a tsagar bango, tana hawa cikin kunne da tsakanin yatsu, kuma a cikin gashi mai kauri ba a ganinta sai an laluba da hannu kowace yamma. Tana sa zazzaɓin da ke cinye jini. A ɗaga leɓensa a duba dasashi: ja-ja mai haske lafiya ne, fari ko rawaya a nemi gwajin jini. Wani nau'in zazzaɓin maganinsa doksisaikilin ne na kwana 28, kuma masu tsayawa a kwana goma don kare ya warware su ne ciwon ke dawo musu. Ƙwayoyin taunawa irin su Bravecto na mako 12 da NexGard na wata guda suna aiki, amma a gaya wa likita idan karen ya taɓa farfaɗiya, domin irin nan suna da ita a jini. Sai ƙudan da ke yin ƙwai a yashi mai fitsari ko tsumma mai laima. Tsutsarsa ta shiga fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da basilin, ta leƙo neman iska, a matse ta fito gaba ɗaya. In ta fashe a ciki wurin zai ruɓe. Shi ya sa ba ma son ya kwana a kan yashi.

Zafi kuwa, kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jiki, kuma iskar bakin teku mai laima tana rage amfanin hakin. Zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 ne da ɗan ɗoriya, in ya haura 41 rai na cikin haɗari. Boda koli ba ya tsayawa da kansa, zai yi ta gudu har ya faɗi, don haka mai riƙo ne zai tsayar da shi. Fita bayan asuba, sai kuma dab da magariba, musamman a Fabrairu da Maris. A ɗora bayan hannu a kwalta, in ba a iya daƙiƙa biyar ba, tafinsa ma ba zai iya ba. In harshe ya zazzago ya yi faɗi, yana layi, a kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki da cinyoyi, a sa shi gaban fanka, a tafi asibiti ana ci gaba da jiƙa shi. Kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafi. Kada kuma a aske shi ƙwal, gashin sama ne ke kare fatarsa daga rana. Na ƙasan ake tajewa, sau biyu ko uku a mako.

Kare mai kilo 18 yana cin giram 250 zuwa 300 na busasshen abincin buhu a yini, a raba safe da yamma, ruwa kuma aƙalla lita guda, wato ledar fiya wata biyu, a ƙara idan ana zafi. Sauya abinci a yi shi cikin mako: rubu'i, rabi, kashi uku cikin huɗu, sannan duka, in ba haka ba zawo. Wanda ya zo a rame ƙashin haƙarƙari a waje, tausayi kan sa a cika masa kwano, kuma wannan na iya kashe shi, domin gishirin jininsa na rikicewa. A fara da sulusin rabonsa a raba huɗu, a ƙara a hankali. Ragowar wake da shinkafa mai shito, miyar barkonon Ghana, ba abincinsa ba ne, albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininsa. Cakulan da ɓawon koko da goro guba ne gare shi, kuma goro a gidan Bahaushe yana ko'ina. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji.

Wanda ya sami duk wannan amma ba a ba shi aiki ba, zai nemo aikinsa. Zai tattara yara yana cizon dugadugansu, ya bi babur, ya kewaye ragunan layya na maƙwabci har su faɗa kwata. Ba mugunta ba ce, kiwo yake yi, kuma duka ba ya cire shi, sai dai ya mayar da shi matsoraci mai cizo. Yana bukatar motsa jiki awa ɗaya zuwa biyu a yini, a rarrabe, da igiya mai mita goma har sai ya iya dawowa in an kira. Darasi na minti biyar zuwa goma sau uku ya fi gajiyar da shi a kan gudu: zo, kwanta, bari, tsaya a tabarmarka. Ladan kowane daidai ɗan abinci ne daga rabonsa. Da yawa da Turanci aka koya musu, sai a faɗi sabuwar kalmar, a biyo da tsohuwar, cikin kwanaki ya haɗa. A watsa masa abinci a ciyawa ya nema da hanci. Kada yara su yi masa wasa da hasken tocila, yana kamuwa da bin haske da inuwa, kuma cire wannan yana da wuya ƙwarai. Tsawar damina da wasan wutar Disamba na firgita shi, a ba shi lungu mai duhu ya shige.

Miƙawa ba ma yin ta a ɓoye. A fiɗiye shi tukuna, ko a cire wa macen mahaifa, domin wanda ya ji ana ba da karen waje kyauta sau da yawa 'ya'yan yake hange ya sayar. A je a ga gidan da ido, a tambayi wa zai fita da shi da asuba, awa nawa zai wuni shi kaɗai. Mai neman karen da zai ɗaure da sarƙa a bakin ƙofa a ba shi haƙuri. Mai gona ko garke a filayen bayan Akara ya fi dacewa, amma a sani jini kaɗai ba ya sa shi iya kiwo, sai da horo, kuma shanu masu ƙaho ba tumakin Ingila ba ne. Ana rubuta takarda gaban shaidu biyu: ba sayarwa, ba miƙa wa wani, in an gaza a dawo da shi. Tare da shi ake ba da katin allura, ranar maganin kaska na gaba, abincin mako guda, tabarmar da ya saba kwana a kai, da takardar halinsa, a rubuta gaskiya ko da ya taɓa cizo. Mai riƙo kuma ya bar kejin a share mako biyu, ko za a dawo da shi.