Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Batun "Yin" a Maganin Gargajiyar Sinawa da Lafiyar Masu Manyan Shekaru

Tambaya: Likita, ni malamin makaranta ne mai ritaya daga Gusau, shekaruna 63. Bakina yakan bushe, tafin ƙafafuna kuma yakan yi zafi da dare. Ɗana da ke karatu a ƙasar Sin ya kwatanta wa wani mai maganin gargajiya a can, sai ya ce "yin" ne ya ragu a jikina. Mene ne wannan?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. A fahimtar likitancin gargajiyar Sinawa, jiki yana tafiya ne a kan abubuwa biyu, yin da yang. Yang shi ne ɗumi da motsi da kuzari, yin kuma shi ne danshi da natsuwa da duk abin da ke raya gaɓoɓi daga ciki. Ana iya kwatanta su da fitila: yang harshen wutar ne, yin kuma man da ke cikinta, idan man ya ja baya sai lagwani ya fara ƙonewa. Tsohon littafinsu na likitanci, Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ya ce idan mutum ya kai shekara 40 rabin yin ɗinsa ya riga ya tafi. Daga baya wani likita mai suna Zhu Danxi, wanda ya rayu daga 1281 zuwa 1358, ya gina koyarwarsa a kan cewa yang yakan yi yawa, yin kuwa kullum cikin ƙaranci yake, don haka ya yi ta gargaɗi a kan yawan ci da sha da bin son rai.

Alamun da suke dangantawa da raguwar yin sun haɗa da bushewar baki da maƙogwaro, zafi a tafin hannu da tafin ƙafa da ƙirji, gumin dare, ƙarar kunne, ciwon ƙugu da kuma harshe ya yi ja. Ka ga sun yi daidai da abin da kake ji. Sai dai yin hanya ce ta tsara alamu, babu wani gwajin jini ko hoto da ke auna shi, kuma abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne, bushewar baki tare da zafin ƙafa da dare a shekarunka suna daga cikin alamun ciwon suga da muke gani kullum a asibiti, musamman idan ya fara taɓa jijiyoyin ƙafa. Ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo zafin ƙafa, wasu magungunan hawan jini masu sa fitsari kuma suna busar da baki. Ka je a auna sugarka da safe kafin ka ci komai. Idan ta kai 126 mg/dL ko ta wuce, kuma aka maimaita aka sami haka, to ciwon suga ne, kuma maganinsa sananne ne.

Tambaya: Likita, shekaruna 50, daga Maradi. Al'adata ta fara yin tsalle, gumi kuma yana jiƙa ni da dare. Wata 'yar'uwa ta kawo mini ƙwayoyin maganin gargajiya na Liuwei Dihuang Wan daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin. In sha?

Amsa: Hajiya, wannan haɗi shi ne mafi shahara cikin magungunan da Sinawa ke cewa suna ƙara yin. Asalinsa daga likitan yara Qian Yi ne, an rubuta shi a 1119, kuma ya ƙunshi abubuwa 6, babbansu saiwar da ake kira dihuang, tare da wani nau'in doyar Sin. Abin da kike ji ya yi kama da lokacin ɗaukewar al'ada, wanda yakan zo wa yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55, har ma wancan tsohon littafin ya ambaci shekara 49 a matsayin lokacinsa. Binciken da aka yi a kan amfanin haɗin ga masu irin halinki bai yi ƙarfin da zan ce miki tabbas zai yi aiki ba, ga shi kuma yakan ɓata wa wasu ciki da kumburi ko zawo.

Ba na raina ilimin tsirrai na Sinawa, domin daga cikinsa ne Tu Youyou ta fitar da sinadarin artemisinin da muke maganin zazzaɓin cizon sauro da shi yau, aikin da ya ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Amma kasancewar magani na ganye ba ta hana shi cutarwa. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka cakuɗa da wani tsiro mai guba. Saboda haka ki kai kwalbar wa likitanki ko masanin magunguna ya duba abin da ke ciki da rajistarsa. Idan gumin yana tare da tari na sama da mako 2, ko rama, ko zazzaɓi, a yi miki gwajin tarin fuka ba tare da jinkiri ba.

Tambaya: Likita, mahaifiyata tana da shekara 72, tana shan warfarin, maganin tsinka jini, saboda ciwon zuciya. Na karanta cewa 'ya'yan goji, wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace na ƙasar Sin, suna ƙara yin. Zan iya ba ta?

Amsa: Kada ka ba Mama goji sai da izinin likitan da ke duba ta, domin an sha samun rahoton yana ƙara ƙarfin warfarin har jini ya tsinke fiye da kima, abin da zai iya jawo zubar jini daga hanci ko dasashi ko cikin ciki. Sauran abincin da Sinawa ke sawa a wannan rukuni kuwa yawancinsu suna kasuwarmu: baƙin riɗi, ƙwai, naman agwagwa, zuma, da awara, wadda ita ce ainihin abin da suke kira tofu. Suna kuma son miya mai ruwa-ruwa da kunu, suna rage soye-soye da yaji mai yawa. Wannan tsari ne mai kyau ga tsohuwar da haƙoranta suka yi rauni, tun da riɗi da awara suna ba da sinadarin gina jiki da tsoka ke buƙata. Ka dai riƙa sanar da likitanta duk wani babban sauyi a cimarta, kuma ka riƙa miƙa mata ruwa ko ba ta nema ba, musamman a watannin zafi, saboda tsofaffi ba sa saurin jin ƙishirwa.

Tambaya: Likita, cikin duk wannan koyarwa, wanne ne mutum zai ɗauka ba tare da fargaba ba?

Amsa: Barci da motsa jiki. Sinawa suna ganin dare ne lokacin yin, don haka suke kwaɗaitar da kwanciya da wuri, kuma likitancin zamani ya yarda cewa babba yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye da haka kaɗan. Sai atisayen tai chi, wanda ake yi a hankali, ana sauya nauyin jiki daga wannan ƙafa zuwa waccan, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe; bincike da yawa ya nuna yana rage faɗuwa a tsakanin tsofaffi. Wanda bai sami mai koya masa ba, ya yi tafiyar minti 30 da sanyin safiya, ya kuma riƙa gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango ko kujera.